Ƙwan Fitilar Ribas da Soket Ɗinsa: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da direbobi, masu motoci da yaran gareji suke yawan yi a kan fitilar ribas, wato farar fitilar bayan mota da ke kamawa idan an sa giyar baya. Yawancin matsalar da ake samu daga wuri ɗaya take fitowa: a sayi ƙwai don ya yi kama da tsohon, ko don ya shiga ramin, ba tare da an duba gindinsa da lambarsa ba.

1. Mene ne aikin fitilar ribas, kuma dole ne ta zama fara?

Aikinta biyu ne. Tana haska wa direba abin da ke bayansa da dare, tana kuma sanar da mai tafiya a ƙasa, ɗan acaɓa ko yaron da ke wasa a ƙofar gida cewa motar nan baya za ta yi. Aiki na biyun ya fi nauyi, domin ko da rana tsaka yana nan. Ƙa'idojin ƙera motoci na Turai da na Amurka duk fari suka tanadar wa wannan fitila. Ja na birki ne da fitilar dare, ruwan goro na sigina ne. Wanda ya sa shuɗi ko ja a gurbin ribas ya rikita na bayansa.

2. Waɗanne ƙwai ake sa wa a fitilar ribas?

Guda huɗu ne suka mamaye kusan duk motocin da ke kan titi. Na farko P21W, wanda ake kira 1156, mai gindin ƙarfe da ake dannawa a murɗa. Wat 21 ne, haskensa lumen 460 (lumen shi ne ma'aunin yawan haske). Shi za a samu a Peugeot 504 da 406, da Golf 3, da tsofaffin Marsandi da Opel. Na biyu W16W, wanda ake kira 921 ko T15, gindinsa na kwalba ne, turawa kawai ake yi. Wat 16 ne, lumen 310. Shi ne a Corolla da Camry na shekarun 2000 zuwa sama da motocin Japan da Koriya masu yawa.

Na uku W21W, wato 7440 ko T20. Shi ma gindin kwalba gare shi amma ya fi na biyun girma. Wat 21, lumen 460, kuma ana samunsa a wasu Honda, Mazda da Toyota. Na huɗu 3156, wanda Turawa ke rubutawa P27W, gindinsa na roba ne mai faɗi, wat 27, kuma na motocin Amurka ne irin su Ford, Chevrolet da Jeep.

Bayan waɗannan akwai H21W a wasu motocin Jamus, bayaninsa na cikin tambaya ta 7. Sababbin motoci da dama kuma LED aka haɗa da fitilar tun daga kamfani, babu ƙwan da ake cirewa. Idan ta mutu, sai dai a canja allon ciki ko fitilar baki ɗaya.

3. Yaya zan tabbatar da wanda motata ke amfani da shi?

Ciro tsohon ƙwan ka karanta abin da ke jikinsa. A mai gindin ƙarfe, lambar na bisa ƙarfen. A mai gindin kwalba, tana kan kwalbar ko kan gindin da ƙananan haruffa. Sannan ka gwama da littafin mota, can wajen ƙarshe inda aka jera ƙwayayen fitilu da wat ɗinsu. Wasu kamfanoni ma sun buga lambar a jikin soket ko a bayan fitilar, misali "12V 21W".

Kada ka dogara da sunan mota kaɗai. Mota ɗaya, shekara ɗaya, wadda aka ƙera don Amurka tana iya bambanta da wadda aka ƙera don Turai ko Dubai, kuma duka ukun suna shigo mana ta Kwatano da Legas. Kada kuma ka yarda da tsohon ƙwan ido rufe idan motar ta wuce ta hannaye da yawa, domin mai yiwuwa wani ya riga ya sa wanda ba nata ba. Idan littafin da ƙwan suka saɓa, siffar ramin soket ce za ta raba gardama.

4. Me ya sa ƙwai ɗaya yake da sunaye har uku ko huɗu?

Kowane yanki da tsarin lambarsa. P21W da W16W sunayen Turai ne, lambar da ke ciki wat take nufi. 1156, 921 da 7440 lambobin kasuwar Amurka ne. T10, T15 da T20 kuwa faɗin kwalbar suke nunawa a milimita. Akwai kuma sunan gindin shi kansa: BA15s na P21W, W2.1x9.5d na W16W, W3x16d na W21W, W2.5x16d na 3156. Ga kuma lambar kamfani a kan kwali: Osram na kiran P21W da 7506, Philips na kiransa 12498, a Ingila kuma 382 ake ce masa.

P21W da 1156 ba tagwaye ba ne sak, domin ainihin 1156 na Amurka ya kusa wat 27. Amma gindinsu ɗaya ne, kuma a fitilar ribas kowanne na maye gurbin ɗan'uwansa ba tare da matsala ba.

5. Ƙwai masu gindin ƙarfe duk kamarsu ɗaya. Ina bambancin?

Faɗin gindin yawancinsu ɗaya ne, milimita 15, shi ya sa ake ruɗewa. Abu biyu za ka duba: 'yan kunnuwa biyu da ke gefen gindin, da ɗigon dalma da ke ƙasansa. Na ribas, BA15s, kunnuwansa suna fuskantar juna daidai, digiri 180, a tsayi ɗaya, kuma ɗigon dalma ɗaya ne a tsakiya. Zaren da ke cikin kwalbar ma ɗaya ne.

Na sigina mai ruwan goro, PY21W mai gindi BAU15s, ɗigonsa ɗaya ne shi ma, amma kunnuwansa sun karkace zuwa digiri 150. An yi haka da gangan don kada ya shiga gurbin farin ƙwai. Na birki, P21/5W ko 1157 mai gindi BAY15d, zare biyu gare shi, ɗigon dalma biyu, kunne ɗaya ya fi ɗaya tsayi. Idan aka danna shi da ƙarfi cikin soket ɗin ribas, ko ya ƙi kullewa, ko ɗigon nasa su kauce wa harshen tagullar da ke tsakiya, ko ya kama yau ya ɗauke gobe. Masu goge kunne ɗaya da zarto don ƙwai ya shiga suna jawo wa soket lalacewa ne kawai. Ƙwan zai riƙa rawa a ciki, rawar kuma ita ke haifar da zafin da aka yi bayani a tambaya ta 12.

Akwai wani tarkon. R5W da R10W gindinsu BA15s ne sak, suna shiga su kulle lafiya, sai dai kwalbarsu ƙarama ce, haskensu lumen 50 da 125 kacal. Fitila za ta kama, amma ba za ta haska komai ba.

6. Masu gindin turawa fa, wanne ke shiga gurbin wanne?

W5W, wato T10 ko 194, ƙaramin ƙwan fitilar lamba da fakin, gindinsa ɗaya da W16W. Saboda haka yana shiga soket ɗin ribas na Corolla ba gardama, amma lumen 50 zai ba ka a maimakon 310. Wannan na cikin manyan dalilan da ke sa mai mota ya ce fitilar ribas ɗinsa ba ta da ƙarfi. Akasin haka ya fi muni: W16W a gurbin W5W yana narkar da robar ƙaramar fitila.

7440 zare ɗaya ne, 7443 zare biyu ne, na birki. 7443 yakan shiga soket ɗin 7440, haka 3157 yakan shiga na 3156, kuma wasu motocin Amurka 3157 ɗin ma aka sa musu a ribas tun asali. Duk da haka, sayi lambar da littafin ya ce. Tsakanin 7440 da 3156 kuwa babu haɗi ko kaɗan: na farko gindin kwalba, na biyu gindin roba mai kauri daban. In ka ga sai ka yi ƙarfi kafin ƙwai ya shiga, ba nasa ba ne.

7. Na ciro wani siririn ƙwai mai gindin ƙarfe, an rubuta H21W. Zan iya sa P21W?

A'a. Gindin H21W milimita 9 ne, sunansa BAY9s, kunnuwansa a digiri 120. Halojin ne, yana ba da lumen 600 daga wat 21, kuma yana zafi sosai. Kada ka riƙe kwalbarsa da yatsu, domin maiƙon hannu na sa wurin ya fi sauran zafi har kwalbar ta kumbura. Riƙe shi da tsumma mai tsabta. H6W yana kama da shi ƙwarai, amma wat 6 ne, kunnuwansa kuma a digiri 150, don haka ba ya kullewa a wannan soket.

8. Ƙwan tirela da na ƙaramar mota ɗaya ne?

Siffarsu ɗaya, wutarsu daban. DAF, MAN, Actros, Howo da manyan bas-bas volt 24 suke amfani da shi, ƙananan motoci volt 12. P21W na volt 24 a ƙaramar mota zai yi ja-ja ne kawai. Na volt 12 a tirela zai yi walƙiya sau ɗaya ya ƙone. Karanta 12V ko 24V a gindin kafin ka biya kuɗi. A kwalin Osram na volt 24 lambarsa 7511, a na Philips 13498.

9. Gefe ɗaya ne kawai ke kamawa. Ƙwan ɗaya gefen ya mutu ke nan?

Ba lallai ba. Ƙa'idar Turai fitilar ribas ɗaya ta wajabta wa ƙaramar mota, ta biyun zaɓi ne. Motocin Turai da yawa suna da farar fitila a gefe ɗaya, a ɗaya gefen kuma jar fitilar hazo ce, wadda ake kunnawa da makunninta daban. Duba murfin: idan wurin fari ne a dama, ja ne a hagu, motar lafiyarta ƙalau, haka aka yi ta. Idan gefen biyu fari ne kuma kowanne da soket da waya, to ɗaya ya mutu. Musanya ƙwayayen biyu ka gani. Matsalar ta bi ƙwan, ƙwan ne. Ta tsaya a gefen, soket ne ko waya, sai ka duba tambaya ta 11 da ta 12.

10. Yaya ake canja ƙwan?

Kashe mota, cire makulli, ja birkin hannu. Buɗe but ka nemo bayan fitilar. A wasu motoci ɗan murfi ne a jikin kafet, a wasu sai ka cire maɓallan roba ka janye kafet ɗin, a wasu kuma sai an kwance fitilar gaba ɗaya, galibi noti biyu ko uku masu ɗaukar sifana lamba 8 ko 10. Idan fitilar ribas a jikin murfin but take, ta cikin murfin ake shiga.

A motocin Japan da Amurka kowane ƙwai da soket ɗinsa: murɗa shi hagu kamar kwata, ka jawo. A motocin Turai da yawa duk ƙwayayen a kan faranti ɗaya suke, matse maƙalansa ka zaro shi duka. Mai gindin ƙarfe, danna shi ciki kaɗan, murɗa hagu, ya fito. Mai gindin kwalba ko roba, jawo shi kai tsaye ba murɗawa, in ba haka ba kwalbar ta karye ta bar gindin a ciki. Sa sabon, gwada shi kafin ka mayar da komai, kuma ka tabbata zoben robar da ke hana ruwa shiga ya zauna daidai.

Wajen gwaji, murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa ba tare da ka tayar da inji ba, sa ribas, wani ya duba maka. Kada kowa ya tsaya bayan mota tana ribas inji na aiki.

11. Na sa sabon ƙwai amma ba ta kama ba. Daga ina zan fara?

Idan gefe biyun suka mutu lokaci guda, da wuya ya zama ƙwai. Fara da fis. A murfin akwatin fis nemi BACK UP ko BK/UP. A Toyota da yawa fis ɗin da aka rubuta GAUGE shi ke ba ribas wuta. Yawanci amp 7.5 ne ko 10, wani lokaci 15. Ƙwai biyu masu wat 21 amp 3.5 kawai suke ja, don haka fis ɗin da ke sake ƙonewa yana nufin waya ta goge tana taɓa ƙarfe a wani wuri. Sa babban fis, ko naɗa waya ko takardar kwalin sigari a gurbinsa, hanyar ƙona wayarin mota ce.

Fis na lafiya, sai makunnin ribas. A mota manuwal yana ɗaure a jikin giyabos, da waya biyu. Zare fulog ɗinsa, haɗa bakin wayoyin biyu na ɓangaren mota da guntuwar waya, makulli a kunne. Fitila ta kama, makunnin ne ya mutu. A otomatik, aikin yana cikin makunnin da ke gaya wa mota matsayin giya, wanda kuma ke hana ta tashi sai a P ko N. Idan fitilar na kamawa ne kawai sa'ad da ka ɗan girgiza sandar giya tsakanin R da N, saitinsa ya goce ko cikinsa ya yi datti. A sababbin motoci kwamfutar jikin mota ce ke sakin wutar, kada a yi haɗin waya a nan sai da zanen wayarin a hannu.

Daga nan sai soket. Da mita ko testa, ya kamata ka samu kusan volt 12 a harshen da ke kawo wuta. Akwai wuta amma ƙwai bai kama ba, wayar at ce, wato wadda ke komawa jikin ƙarfen mota. Kwance notinta, kankare tsatsa, ɗaure. Alamar at mara kyau ita ce wata fitilar ta riƙa ɗan haske idan an sa ribas, ko ribas ta riƙa ƙyaftawa tare da sigina. Babu wuta sam, kuma fitilar a murfin but take, buɗe robar da wayoyi ke bi kusa da hinjin murfin. Buɗewa da rufewa na shekaru na karya waya a nan, sau da yawa a cikin rigarta inda ido ba ya gani.

12. Soket ya yi baƙi, ya narke ko ya yi kore. A gyara ko a canja?

Kore ko fari-fari alamar ruwa ne, daga tsagewar murfi, mataccen zoben roba ko wankin mota da injin feshi. Idan robar ba ta lalace ba, goge harsunan da samfefa mai laushi, fesa maganin wanke kayan wuta, ɗan ɗago harshen da ya kwanta da ƙaramin sukundireba, fis a cire, sannan ka shafa man silikon kaɗan. Ba a sa giris ɗin baris ko baƙin mai. Kuma sai an toshe inda ruwan ke shiga, in ba haka ba damina ɗaya ta isa ta mayar da kai inda ka fara.

Baƙi da narkewa kuwa zafi ne. Ko an sa ƙwan da ya fi ƙarfin wurin, ko haɗin ya yi sako-sako wuta na tsalle. Wannan ba ya gyaruwa, domin tagullar da ta sha zafi ta rasa ƙarfin matsewa. Sayi soket mai jelar waya, ka tafi da tsohon kasuwa, saboda ƙwai ɗaya ne amma haƙoran da ke kulle soket a jikin fitila sun bambanta daga mota zuwa mota. Na asali da aka ciro daga fitilar Beljiyam, irin wanda ake samu a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, sau da yawa ya fi sabon mara suna kaurin tagulla. Yanke waya inda take da lafiya, haɗa da dalma, rufe da robar da ke tsukewa da zafi. Murɗa waya da hannu a naɗe da salatif ba ya daɗewa a cikin zafin but.

13. Me ke sa ƙwai yawan ƙonewa?

Fitilar ribas ba ta daɗewa a kunne, don haka ƙwai mai kyau yakan yi shekaru. In yana mutuwa a kai a kai, auna batir inji na aiki: tsakanin volt 13.8 da 14.5 daidai ne. Ya kai 15 ko ya wuce, cajin ya yi yawa, kuma ƙarin kashi 5 cikin 100 a kan ƙa'ida na rage rayuwar zaren da kusan rabi. Sauran dalilan su ne soket mai rawa, buga murfin but da ƙarfi, da ruwa. Kalli mataccen ƙwan: hayaƙi fari a ciki na nufin kwalbar ta tsage iska ta shiga, baƙi-baƙi kuma tsufa ne ko wuta ta yi yawa.

14. Zan iya sa LED a maimakon ƙwan zare?

Za ka iya, muddin gindin ɗaya ne, kuma a fitilar ribas ne LED mai kyau ya fi nuna amfaninsa, musamman ga mai gilashi mai duhu ko kyamarar baya. Amma a kula da abu huɗu. Wasu LED suna da gaba da baya: in mai gindin turawa bai kama ba, zare shi ka juya. Jikinsa kada ya fi ramin fitilar faɗi ko tsawo. Ƙwayoyin haskensa su kasance a gefe-gefe da kuma gaba, domin kwanon fitilar an ƙera shi ne don hasken da ke fita ta ko'ina; wanda ke harba haske gaba kawai zai kashe wa na baya ido ya bar gefen mota cikin duhu. Sannan launi: tsaya a fari, wato mai lambar launi 5000K zuwa 6000K. Wanda ya fi haka ya koma shuɗi, kuma cikin ƙurar hunturu ba ya nuna ƙasa da kyau.

Kada wat ɗin da aka buga a kwali ya ruɗe ka. Ƙwai ƙarami kamar yatsa da aka rubuta wa wat 80 ba zai iya fitar da wannan zafin ba. Sa mita ka auna abin da yake ja. Amp 0.4 a volt 12 bai kai wat 5 ba.

15. Na sa LED, dashbod na nuna ƙwai ya mutu, ko yana ƙyaftawa. Me ya faru?

Motoci irin su Marsandi, BMW, Audi da Volkswagen na baya-bayan nan suna auna wutar da kowane ƙwai ke ja. P21W na jan amp 1.75, LED na jan ƙasa da haka sosai, sai kwamfuta ta ɗauka ƙwan ya ƙone, wani lokaci ma ta yanke wutar layin. Ƙyaftawar kuma daga 'yar wutar gwaji ce da take aikawa, wadda ba ta isa ta kunna zare ba amma ta isa ta motsa LED.

Mafita biyu ce: LED da aka rubuta wa CANBUS, ko a haɗa resista, wato 'yar na'urar da ke ƙara jan wuta, tsakanin wayar wuta da wayar at. Ga gurbin wat 21 ana amfani da mai om 6, wat 50. Ga gurbin W16W, om 8 zuwa 10 ya isa. Resistar om 6 tana mayar da fiye da wat 30 zuwa zafi idan inji na aiki, saboda haka a ɗaure ta da noti a jikin ƙarfe, nesa da kafet, roba da wayoyi. In duk wannan ya yi yawa, ƙwan zare mai kyau daga kamfanin da aka sani ya wadatar.

16. Zan iya jona kyamara, ƙararrawa ko ƙarin fitila a wayar ribas?

Kyamara da ƙaramar ƙararrawa ba sa jan wuta sosai, ana jona su kai tsaye a wayar wuta ta soket. Gano wayar da testa, kada ka bi launi. A motocin da aka ambata a tambaya ta 15, hoton kyamarar na iya rawa ko ya riƙa ɗaukewa idan inji na aiki, saboda wutar layin a yanyanke take zuwa. Rile, wato makunnin da ƙaramar wuta ke sarrafawa, ko 'yar na'urar tace wuta na magance wannan.

Ƙarin fitila kuwa, irin wadda masu a-kori-kura da motocin gona ke so, sai da rile mai ƙafa huɗu. Ƙafa 86 ta karɓi wuta daga wayar ribas, 85 ta tafi at, 30 ta fito daga batir ta cikin fis ɗinta da aka sa kusa da batir, 87 ta tafi fitila. Fitila biyu masu wat 18 amp 3 suke ja, fis mai amp 5 ya ishe su. A karkatar da su ƙasa, kuma su kama tare da ribas kawai.

17. Fitilar ribas ta ƙi mutuwa ko da ina tafiya gaba. Mene ne?

Kada a bar wannan ya kwana, domin farin haske a baya da dare na sa na bayanka ya zaci mota ce ke tahowa, kuma zafin da ba a yi fitilar dominsa ba zai narkar da soket. Zare fulog ɗin makunnin ribas. Fitilar ta mutu, makunnin ne ya maƙale ko saitin giya ya goce, kamar yadda aka nuna a tambaya ta 11. Ta ci gaba da ci, wayar ribas na taɓa wata waya mai wuta, yawanci a hinjin but, a haɗin kyamara, ko inda aka taɓa jona wayar tirela. Idan kuma sai an kunna fitilar dare ko an taka birki take kamawa, duba wayar at, sannan ka tabbatar ba a musanya soket ɗin ribas da na wata fitila ba lokacin da aka mayar da su ramukansu.